Idan 'yar barkwanci ta ɗaure fuska

A wajen da yawa daga cikin masu kallonmu, kai har ma da wasu daraktocin, ma'aunin iya wasan mace guda ɗaya ne tak, wato hawaye. Yarinya ta fito a fim uku a jere tana rusa kuka, ido ya yi jawur, sai ka ji ana cewa ai wance ta iya aktin, a ba ta kambu. Wadda kuwa ta shekara goma tana sa mutane riƙe ciki don dariya, ko sunanta ba a kawowa idan ana lissafin gwanaye. Ita ai 'yar camama ce. Tun zamanin kaset aka raba harkar nan gida biyu, 'yan sentimental da 'yan camama, kuma kowa ya san ɓangaren da ake yi wa kallon manya da wanda ake yi wa kallon 'yan rakiya.

Ni dai a ganina ma'aunin nan a karkace yake. Ba mu kaɗai ke awo da shi ba, a Indiya da Amurka ma haka abin yake, sai dai su can jefi-jefi akan sami daraktan da zai yi kasada ya ɗauko 'yar barkwanci ya ɗora mata kaya mai nauyi. Sau da yawa sai ka ga wadda ake ganin shirme kawai ta iya, ita ce ta zo ta shafe kowa a fim ɗin. Mutane kan ce sa'a ce. Babu wata sa'a. Sana'ar ba da dariya ce ta koya mata abubuwan da jarumar da ta saba da rol ɗin tausayi ba ta taɓa samun dalilin koyonsu ba. Misalin da ya fi fito da wannan magana fili a wurina shi ne wasan da Mo'Nique ta yi a fim ɗin Precious na shekarar 2009, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Ga wanda bai san ta ba, Mo'Nique baƙar fata ce 'yar Amurka, haifaffiyar 1967 a jihar Maryland, mace mai jiki da murya. Sana'arta ta asali ita ce irin barkwancin nan da mutum zai hau dandamali shi kaɗai da makirufo a hannu, ya yi ta zuba jama'a na dariya. Daga nan ta shiga wasan talbijin mai suna The Parkers, wanda aka yi daga 1999 zuwa 2004, inda ta fito a matsayin uwar da ta shiga kwaleji ɗaya da 'yarta, ta kuma liƙe wa wani malami da soyayya shi yana gudu. Wasu a nan ƙasar za su tuna ta a Phat Girlz na 2006, fim ɗin da wani likita ɗan Nijeriya ya faɗa son ta saboda ƙibarta, wanda har aka sa waƙar African Queen ta 2Face a ciki. Wato dai mace ce da in an ga fuskarta a fosta an san dariya za a sha.

Shi kuwa Precious an ciro shi ne daga littafin Push na wata marubuciya mai suna Sapphire, wanda ya fito a 1996. Geoffrey Fletcher ya mayar da shi rubutun fim, Lee Daniels ya ba da umarni. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 a unguwar Harlem ta birnin New York a 1987. Tana zuwa makaranta amma ba ta iya karatu da rubutu ba, ga ta da ciki na biyu, kuma, wa'iyazubillahi, mahaifinta ne ya yi mata duka biyun. Gabourey Sidibe ce ta fito a matsayin yarinyar, shi ne ma fim ɗinta na farko. Mo'Nique ita ce uwar, mai suna Mary, wadda ta san abin da ke faruwa a ɗakinta, amma maimakon ta kare 'yarta sai ta ɗauke ta a matsayin kishiya. Tun yanzu in faɗa wa mai karatu, ba fim ba ne na zama a falo da yara. Akwai ashar a cikinsa kamar ruwan sama, akwai kuma wuraren da ko babba sai ya kau da kai.

Mary ba ta aiki, ba ta cika fita ba. Tana nan zaune gaban talbijin da taba a hannu, tana jiran kuɗin tallafin da gwamnati ke bai wa marasa galihu, tana aiken Precious kamar baiwa. A takarda, rol ne da kowace 'yar wasa za ta iya cika shi da hargowa da zare ido ta tafi abinta. Mun ga irinsa ya fi a ƙirga. Sai ka duba yadda Mo'Nique ta bi da shi.

Ɗauki sin ɗin da ma'aikaciyar gwamnati ta zo duba gidan. 'Yar Precious ta fari, wadda aka haifa da lalurar nan da likitoci ke kira Down, a wajen kakar Precious take zaune, amma Mary na karɓar kuɗi da sunan ita ke riƙon ta. Saboda haka duk ranar da za a zo dubawa sai a kawo yarinyar. Kafin baƙuwa ta shigo Mary na zage-zage. Tana shigowa, ga Mary da gashin kanti a ka, ta ɗora jikarta a cinya, murya ta yi laushi, tana amsa tambayoyi cikin ladabi, wai tana nan tana neman aiki, ba ta dace ba ne. Ma'aikaciyar na juya baya ta ture yarinyar daga jikinta kamar ta taɓa ƙazanta, tsohuwar muryar ta dawo.

To mai karatu, ina ka san wannan sin? Ka san shi sarai. Shi ne sin ɗin da matar uba ke tsaka da narkar 'yar kishiya, sai ta ji sallamar maigida, nan take ta koma lallashi da sannu-sannu. A camama dariya ake yi masa, kuma abin da ke kawo dariyar shi ne saurin juyin, fuska biyu cikin ƙiftawar ido ba tare da an ga ɗinkin da ya haɗa su ba. Wannan juyi shi ne tuwon ɗan barkwanci na yau da kullum. Mo'Nique ta yi shi kamar yadda za ta yi a The Parkers, sauri iri ɗaya, ƙwarewa iri ɗaya. Abin da ya canza kawai, akwai ƙaramar yarinya marar lafiya a kan cinyar. Sai dariya ta taso maka, ta zo maƙogwaro ta tsaya, kunya ta kama ka. Da jarumar da ba ta san barkwanci ba ce, da ta yi ta ƙoƙarin tuna mana cewa Mary ƙarya take yi, ta riƙa harara a kaikaice don kada mu manta muguwa ce. Mo'Nique ta bar ƙaryar ta yi kyau, har ka gane dalilin da ya sa hukuma ta shekara da shekaru tana shiga gidan ba ta ga komai ba.

Haka kuma faɗan matattakala. Shugabar makarantar da ta sallami Precious ta biyo ta har gida don ta sanar da ita wata makarantar ta daban da za ta karɓe ta. Mary ta ɗauki zuwan a matsayin barazana ga kuɗinta, ta tsaya a gindin matattakala, yarinyar na sama, ta shiga zazzaga mata. Idan ka kawar da ma'anar kalmomin ka saurari kiɗan maganar kawai, za ka ji tsarin mai barkwancin dandamali ne. Ta riƙa maimaita magana ɗaya, kowane zagaye ya fi na baya zafi, ta ɗan tsahirta kamar ta gama, sai ta dawo da wadda ta fi duka ciwo. Mai ba da dariya ya san in ka yi saurin sakin magana da rabin daƙiƙa ta mutu, in ka jinkirta da rabin daƙiƙa ta huce. Shekaru ta yi tana koyon wannan a gaban jama'ar da ba sa yi wa kowa kara, domin a dandamalin barkwanci babu edita, babu kiɗan da zai rufa maka asiri. In ba a yi dariya ba, kowa a ɗakin ya ji shirun. Wanda ya san inda zai ajiye kalma ta fasa dariya, ya san inda zai ajiye ta ta huda zuciya, don wurin ɗaya ne.

Shi kuka ana yi masa dabara. Ɗan man zafi a ƙasan ido, kyamara ta matso, mai fiyano ya saki sautin sarewa, shi ke nan an tashi lokeshin. Kuma mai kallo ba shi da hanyar nuna cewa abin bai taɓa shi ba, tunda shirun wanda tausayi ya kama da shirun wanda ya ƙosa kamanninsu ɗaya. Dariya ba ta da wannan rufin asirin.

Amma sin ɗin da ya sa ake ambaton wannan wasa har yau shi ne na dab da ƙarshe. Precious ta riga ta gudu daga gidan, bayan uwar ta jefar mata da jariri a ƙasa, ta kuma sako musu akwatin talbijin daga saman bene, Allah ya sa bai same su ba. Yanzu Mary ta zo ofishin wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Ms. Weiss, wadda mawaƙiya Mariah Carey ta fito a matsayinta babu kwalliya ko ɗis. Wai so take a mayar mata da 'yarta da jikokinta. Kowa ya san abin da take hange. Sai ma'aikaciyar ta ce to, ta faɗa mata yadda abin ya faro.

Mary ta fara da muryar kirki, irin wadda ta yi wa waccan baƙuwa, tana ba da labarin haihuwar Precious da irin son da ta yi mata tana jaririya. Har ta ce da zafi aka haife ta, sai da yarinyar ta gyara mata cewa a watan Nuwamba ne, ita kuma ta karɓe gyaran nan take kamar dama abin da ta faɗa ke nan. Ko wannan ɗan wurin, barkwanci ne tsagwaronsa, amma babu mai iya dariya. Da aka matsa mata, ɗinkin ya fara warwarewa. Ta faɗi cewa tun yarinyar na 'yar shekara uku mutumin ya fara, ita tana kwance a gefe, ta yi magana ya ce ta yi shiru, ta kuwa yi shiru. Sannan ta juya laifin kan 'yar shekara uku, wai ita ce ta ƙwace mata namiji. Daga ƙarshe ta fuskanci ma'aikaciyar, tunda ita ce mai digiri, ta gaya mata ita wa zai so ta.

Akwai kuka a sin ɗin, amma ba shi ya riƙe shi ba. Ka lura da idon Mary, kullum yana kan fuskar mai sauraronta. Ta gwada ladabi bai ci ba, ta gwada neman tausayi, ta gwada faɗa. Duk lokacin da ta ga fuskar Ms. Weiss ta hana ta abin da take nema sai ta sake hanya, kamar yadda mai barkwanci ke yi idan labari ya ƙi karɓuwa a wurin jama'a. Kuma kowace hanya ta bi, ƙara tona wa kanta asiri take yi. A nan ne gwanintar take: Mary na roƙon a tausaya mata, amma Mo'Nique ba ta taya ta roƙon ba. Ba ta sassauta muguntar don mu so ta ba, ba ta kuma mayar da ita dodo don mu huta da tunani ba. Ta bar mu da mace wadda muka gane yadda aka yi ta lalace, muka kuma yarda ɗari bisa ɗari cewa daidai ne da Precious ta kwashi 'ya'yanta biyu ta fice ta bar ta a zaune.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, shi ne rashin tsoron muni. Jarumar da aka gina sunanta a kan kyau, ko a sin ɗin mutuwa tana tunanin wane gefen fuskarta ne ya fi hawa kyamara. Ba laifinta ba ne, jarinta ke nan. Ita kuwa 'yar barkwanci tun ranar da ta shiga sana'ar ta sayar da wannan kunyar. Ta faɗi ƙasa an yi dariya, an yi dariyar ƙibarta, ta karkace baki, ta yi rawar da ba ta dace da shekarunta ba. Ba ta da sauran abin karewa. Shi ya sa Mo'Nique ta iya zama gaban kyamara fuska duk maiƙo, kai a hargitse, ba tare da ka ga alamar tana so ka tuna cewa a waje ita gayu ce ba.

Ta sha faɗa a hira cewa ita ma wani na jikinta ya ci zarafinta tana ƙarama, kuma shi ta riƙa tunawa wajen gina Mary. Magana ce mai nauyi, sai dai ba na so a tsaya a nan a ce ai shi ne sirrin. Mutane nawa ne suka sha wuya a duniya, in ka ajiye su gaban kyamara ko sunansu ba za su iya faɗa daidai ba? Wahala ba ta koya wa mutum inda zai ja numfashi a tsakiyar jimla. Aiki ne ke koyar da wannan.

Kada a ɗauka ina cewa fim ɗin ba shi da aibu. Lee Daniels yana da son cika gishiri. Wuraren da Precious ke mafarkin ta zama tauraruwa sun yi ƙyalƙyali fiye da kima, kuma an jibga wa yarinya ɗaya masifu har abin ya so ya zama gasa, don bayan duk abin da na lissafa sai da aka ƙara mata da cutar ƙanjamau. Wasu baƙaƙen Amurka sun yi ƙorafin cewa duk masu taimakon yarinyar masu hasken fata ne, mugaye kuma baƙaƙe wuluk, kuma ƙorafin yana kan hanya. Amma duk lokacin da darakta ya nutsu ya bar kyamara a kan fuskar Mary, sai fim ɗin ya tashi daga wa'azi ya koma rayuwa. A watan Maris na 2010 aka ba ta kyautar Oska ta mataimakiyar jaruma. Ita ce baƙar mace ta huɗu da ta ci wannan rukunin, bayan Hattie McDaniel a 1940, Whoopi Goldberg a 1991 da Jennifer Hudson a 2007.

Ita ma Whoopi Goldberg ɗin, wadda masu kallonmu suka fi sani da Sister Act da kuma malamar makarantar nan ta Sarafina, duka na 1992, daga dandamalin barkwanci Steven Spielberg ya ɗauko ta ya ba ta rol ɗin Celie a The Color Purple na 1985, wanda aka ciro daga littafin Alice Walker. Tata hanyar daban ce da ta Mo'Nique. An ɗauki mace mai baki kamar reza aka ce ta yi shiru. Celie an raba ta da 'ya'yanta, an raba ta da ƙanwarta, an aurar da ita ga mugun miji, an gaya mata ita mummuna ce har ta yarda. In murmushi ya kuɓuce mata sai ta yi maza ta sa hannu ta rufe baki. Wannan ɗan motsin hannu ya faɗi tarihin matar fiye da shafi goma na magana, kuma irin abin da mai kwaikwayon mutane ke iya riƙewa ne. Ɗan barkwanci ai ɗan sa-ido ne, aikinsa ne ya lura da yadda mai shayi ke ɗaga kofi, da yadda tsohuwa ke gyara zama kafin ta fara gulma. Da ranar ta zo da Celie ta buɗe baki a teburin cin abinci ta fuskanci mijin da wuƙa a hannu, sai ka ji kamar madatsar ruwa ce ta ɓalle, domin tun farkon fim kana jin akwai magana danƙare a bayan shirun. An zaɓi fim ɗin a rukuni 11 na Oska, bai ci ko ɗaya ba. Whoopi sai a Ghost na 1990 ta samu tata, inda ta fito a matsayin 'yar damfara mai da'awar magana da matattu, wato dai da dariyar aka sallame ta.

Na san wani zai ce ai duk mamaki ne ke ruɗar mu, mun saba ganin mace tana shirme, ranar da ta ɗaure fuska sai mu ɗauka wani abin a zo a gani ta yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Akwai 'yan barkwanci da dama, maza da mata, da suka ɗauka rol mai nauyi yana nufin ka daskarar da fuska ka riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Waɗannan sun ajiye kayan aikinsu a bakin ƙofa sun shiga hannu rabbana, abin da suka fito da shi kuma lami ne. Waɗanda suka yi nasara su ne suka shiga da kayansu. Dubi Melissa McCarthy, wadda aka sani da haukan Bridesmaids na 2011, a fim ɗin Can You Ever Forgive Me? na 2018, inda ta fito a matsayin Lee Israel, marubuciyar da kasuwa ta juya wa baya har ta koma ƙirƙirar wasiƙun bogi da sunan shahararrun marubutan da suka mutu tana sayarwa. Bakin nan mai kaifi yana nan, har yanzu tana ba da dariya, sai dai yanzu ka gane da shi take korar mutane don kada su matso su ga kaɗaicinta. Batun mamaki kuwa, mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su taɓa ganin The Parkers ba, saboda haka su ne alƙalan da suka dace. A nemi Precious a kalla, a ga ko sai an san tarihin matar kafin tsigar jiki ta tashi.

Abin takaicin shi ne irin wannan dama ba ta cika zuwa ba, in ma ta zo ba ta cika maimaituwa ba. Masu kallon finafinan Indiya na da za su tuna Tun Tun, ƙatuwar matar nan da ake sakowa don a yi dariyar jikinta. Sunanta na gaskiya Uma Devi, kuma mawaƙiya ce da muryarta ta yi tashe a fim ɗin Dard na 1947, kafin ta koma barkwanci a Babul na 1950. Daga nan aka rufe ta a keji ɗaya shekaru aru-aru, har ta rasu a 2003 da sunan mai ƙiba mai ban dariya ake tuna ta. Ita kanta Mo'Nique, da Oska a hannu, ba ta tsira ba. Ta ce dala dubu 50 aka biya ta a Precious, ta kuma ƙi yarda ta bi duniya tallar fim ɗin kyauta, sai aka yi mata tambarin mai wuyar sha'ani. A 2015 ta fito ta ce Lee Daniels da bakinsa ya gaya mata an rufe mata ƙofofi a Holiwud. In ka cire rol ɗin Ma Rainey da ta yi a Bessie a wannan shekarar, an daɗe ba a gan ta a wani babban aiki ba. Sai a 2022 ya hau dandamali ya ba ta haƙuri a bainar jama'a, suka sake aiki tare a The Deliverance na 2024. Shekarun da suka fi dacewa a more ta an riga an yi asararsu.

In muka dawo gida Nijeriya, wadda ta fasa kejin a Kudu da hannunta ta fasa. Funke Akindele tun Jenifa na 2008 aka yi mata hatimin 'yar ƙauye mai karya Turanci. A ƙarshen 2023 ta fito da A Tribe Called Judah, inda ta zama Jedidah, uwar maza biyar da kowannensu ubansa daban, ƙabilarsa daban, ciki har da Adamu wanda namu Uzee Usman ya fito a matsayinsa. Ciwon ƙoda ya kama ta, 'ya'yan suka yanke shawarar yin fashi don su biya kuɗin magani. Shi ne fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen sinima. A wasu wurare ita ma ta jingina da hawaye da kiɗa fiye da yadda nake so. Inda ta fi ƙarfi shi ne wuraren da take faɗa da 'ya'yan, bakin Jenifa na nan daram amma gajiya ta shiga muryar. Sai dai a lura, ita ce furodusa, da ita aka ba da umarni. Ba ta zauna jiran wani darakta ya hango abin da ke cikinta ba.

Mu fa a nan Arewa? Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Hausa, in aka ce masifaffiya mai sa dariya, fuskar da za ta fara zuwar masa ita ce ta Saratu Giɗaɗo, wato Daso. Tun Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya a shekarar 2000 ta shigo, ta kuma shafe sama da shekara 20 ana damawa da ita. Duk abin da na lissafa a kan Mo'Nique, Daso na da shi: ta san lokacin sakin magana, tana sauraron abokin wasanta, juyin fuskarta kamar walƙiya, kuma ba ta taɓa jin tsoron a tsane ta ko a ga muninta ba. Abin da akasarin labaran da aka ba ta suka rasa shi ne dalili. Za ta shigo da bala'i, ta kori amarya, ta je wajen boka, a ƙarshe asiri ya tonu ta haukace ko ta zo tana neman gafara cikin minti biyu, a rubuta tammat. Wa ya mayar da matar nan haka? Me aka yi mata a gidan ubanta, ko a shekarun farko na aurenta? Me take tsoro idan dare ya yi ta rufe ƙofa? Marubutan fim ɗinmu ba su cika tambaya ba, alhali masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ba wai babu inda za a koya ba ne. Marubutanmu mata na littafi sun daɗe da shiga cikin zuciyar irin waɗannan matan. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, ta ba mu Rabi, matar da miji ya kora da tulin 'ya'ya saboda wata ta waje, ta koma sayar da abinci tana riƙe gida. Masu karatu sun san irin waɗannan mata ba kuka kaɗai suke yi ba. Suna da baki, suna da habaici, suna ba da dariya a tsakar gida ranar da babu ko ƙwayar hatsi a ɗaki. Mace irin wannan, 'yar kwalisar da ke tsoron hodarta ta goge ba za ta iya ɗaukar ta ba. Sai wadda ta saba tsayawa gaban jama'a ba kunya.

Kada kuma furodusoshi su kawo mana kukan kuɗi. Sin ɗin ofishin Ms. Weiss ofis ne kawai da kujeru, mata uku na magana, babu mota, babu rawa, babu canjin kaya. Ko wanda ya fi kowa ƙorafin kasafi a Zoo Road zai iya ɗaukar irinsa a yini guda. Abin da zai ci shi ne 'yan shafukan da marubuci zai zauna ya yi wa muguwar labarinsa adalci, da daraktan da zai iya cewa mai fiyano ya dakata, ya bar kyamara a kan fuskar matar har ta gama. Akwai mata a camama yanzu haka da za su iya, wasunsu kullum muna ganin su a shirye-shiryen talbijin masu dogon zango, ana ba su sin biyu na hayaniya a sallame su. Wadda na fi so in ga an gwada da ita kam ta riga ta tafi. Daso ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, ana jajibirin ƙaramar salla. Allah ya jiƙanta da rahama.